DARASI: KUƊI DA KAYA, ABIN DA ALBASHIN UDOJI YA KOYA MANA

Wannan darasi domin ɗalibai ne masu koyon ilimin tattalin arziki a makarantun sakandare da kwalejoji, har da ƙungiyoyin manoma waɗanda suke taruwa domin karatu. A karanta shi a hankali, sashi sashi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan a amsa tambayoyin da suke a ƙarshe.

Masana sun raba ilimin tattalin arziki kashi biyu. Kashi na fari yana duban gida ɗaya, ko gona ɗaya, ko kasuwa ɗaya: me ya sa albasa ta yi araha a wannan mako, ko kuwa wane iri ne zai fi kawo wa manomi riba. Kashi na biyu yana duban ƙasa gaba ɗaya kamar gandu guda: nawa ta samar a shekara, mutum nawa suke da aiki, yaya farashin kaya duka yake tafiya, mene ne darajar kuɗinta a wurin sauran ƙasashe. A kan kashi na biyu za mu yi magana. Abu ɗaya muke so ku riƙe tun daga fari: arzikin ƙasa shi ne abin da mutanenta suke samarwa da hannunsu da basirarsu. Kuɗi kuwa ma'auni ne. Idan kuɗi ya ƙaru amma kaya ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi.

1. JIMLAR ABIN DA ƘASA TA SAMAR

Kowane magidanci ya san yadda ake lissafin kaka: dawa dami kaza, gero dami kaza, wake buhu kaza. Haka ita ma ƙasa takan yi nata lissafi. Akan tara dukan abin da aka noma, da abin da aka ƙera, da abin da aka haƙa daga ƙasa, da ayyukan da aka yi wa mutane kamar koyarwa, jinya, ɗinki da tuƙin mota, a cikin shekara guda. Tun da yake ba shi yiwuwa a tara buhun wake da aikin ungozoma a lissafi ɗaya, sai a ƙiyasta kowanne da kuɗi. Abin da ya fito shi ne jimlar abin da ƙasa ta samar, wanda littattafanku suke taƙaitawa da haruffan GDP. A Nijeriya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce take wannan aiki.

Akwai kuskure ɗaya da ɗalibi zai kiyaye, watau ƙirga abu sau biyu. A ce manomi ya sayar wa wata mace gyaɗa a kan ₦6,000. Ta soya, ta niƙa, ta fitar da mai da ƙuliƙuli, ta sayar wa ɗan tireda a kan ₦10,000. Shi kuma ya sayar wa masu ci a kan ₦12,000. Idan muka tara duka uku za mu sami ₦28,000, amma wannan ba daidai ba ne, gama an ƙirga gyaɗar sau uku. Abin da za a ƙirga shi ne ƙarin da kowa ya yi: manomi ₦6,000, mace ₦4,000, ɗan tireda ₦2,000. Jimla ₦12,000 ke nan.

Wannan ma'auni yana da amfani, amma yana da iyaka. Ba ya ganin aikin uwar da take ɗebo ruwa, ta yi itace, ta yi reno, domin ba a biyanta. Ba ya faɗa mana yadda aka raba arzikin, ko mutum goma ne suka kwashe rabi. Har wa yau, adadin yakan canja idan aka canja hanyar ƙirga. A watan Afrilu na 2014 Nijeriya ta sabunta lissafinta, ta shigar da sana'o'in da dā ba a ƙirga su sosai, kamar harkar wayar hannu da shirya finafinai. Nan take jimlar shekarar 2013 ta koma wajen dala biliyan 510, ƙasar ta wuce Afirka ta Kudu a wancan lokaci. Amma kashegari ba tukunyar da ta ƙara cika. Abin da ke akwai dā ma shi aka ƙirga da kyau.

Idan jimlar ta ƙaru bisa ta bara, bayan an cire tashin farashi, sai a ce arzikin ƙasa ya bunƙasa. Idan kuwa ta yi ta raguwa har wata shida a jere, sai a ce an shiga koma-baya, kamar yadda ya faru a Nijeriya a 2016 da kuma 2020.

2. AIKIN KUƊI

Kuɗi yana da aiki uku. Da shi ake musaya, domin mai akuya ba sai ya nemi mai dawa wanda yake son akuya ba. Da shi ake auna darajar kaya. Da shi kuma ake ajiya domin gobe. Kakanninmu sun yi amfani da wuri, daga baya aka zo da fam da sule. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka fara amfani da naira da kwabo, naira 2 a madadin fam 1. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, shi ne yake buga kuɗi, yana kuma lura da yawansa.

Bari mu ɗauki misali. A ce akwai wani ƙauye wanda ruwa ya yanke masa hanya, ba shiga ba fita. A kasuwarsa akwai buhun dawa 100, a hannun mutane kuma akwai ₦100,000 na sayen dawa. Buhu zai tsaya wajen ₦1,000. Sai a ce da dare kuɗin kowa ya ninka, aka wayi gari da ₦200,000. Kowa zai yi murna, kowa zai nufi kasuwa, amma buhunan suna nan 100. Masu saye za su yi ta taya wa juna har buhu ya kai wajen ₦2,000. A ƙarshe kowa zai koma gida da dawa daidai da ta jiya. Wani zai ce wannan tatsuniya ce. To, ga abin da ya faru a ƙasa guda.

3. LABARIN UDOJI

An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A ƙarshen 1973, bayan yaƙin da aka yi tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya cika maƙil.

Tun a 1972 gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ya duba tsarin aikin gwamnati. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1974. Ya ba da shawarwari da yawa a kan gyaran aiki, amma abin da mutane suka riƙe shi ne ƙarin albashi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga ₦312 zuwa ₦720 a shekara, aka kuma ce ƙarin zai fara daga watan Afrilu na 1974. Saboda haka a farkon 1975 ma'aikata suka karɓi ariyas na watanni da yawa a dunƙule. Ma'aikatan kamfanoni su ma suka tashi da yajin aiki har aka yi musu nasu ƙarin. Aka yi ta sayen babura, rediyo, firji da atamfa. Har yanzu dattawa suna kiran wannan kuɗi da sunan Udoji.

Amma kaya fa? Arewa ba ta daɗe da fita daga farin 1972 zuwa 1974 ba, dabbobi sun mutu, rumbuna sun yi sauƙi. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa. Masana'antun cikin gida kaɗan ne. Aka ce to, a sayo daga waje, sai tashar jiragen ruwa ta Ikko, watau Legas, ta cushe. A shekarar nan jirage fiye da 400, yawancinsu ɗauke da siminti, suka yi watanni suna jiran sauke kaya. Kuɗi ya yi yawa, kaya sun yi kaɗan. A 1973 farashi ya tashi da wajen kashi 5 cikin ɗari ne kawai, amma a 1975 ya tashi da kusan kashi 34 cikin ɗari.

Ku lura da wanda abin ya fi shafa. Ma'aikaci ya sami ƙari, ko da yake tsada ta cinye wani sashi. Manomi ba shi cikin takardar albashi, amma shi ma a kasuwa ɗaya yake sayen gishiri, kananzir, sabulu da garma. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutumin karkara bai kamata ya ce maganar tattalin arzikin ƙasa ta 'yan birni ce ba.

4. HAUHAWAR FARASHI

Ba kowane tashin farashi ake kira hauhawa ba. Hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da damina, wata kaka kuma ya sauko. Wannan tafiyar shekara ce. Hauhawar farashi ita ce sa'ad da kusan dukan kaya suke tashi tare, suna ci gaba da tashi, ba su dawowa inda suke.

Ga yadda ake auna ta. Hukumar Ƙididdiga takan zaɓi kwando na abubuwan da gida yake bukata: abinci, haya, sutura, magani, kuɗin mota, kuɗin makaranta. Kowane wata ma'aikatanta sukan shiga kasuwannin birni da ƙauye su rubuta farashi. Idan kwandon da aka cika da ₦100 bara ya koma ₦134 bana, hauhawar ta zama kashi 34 cikin ɗari.

Ruwa ba ya tsami banza. Hauhawa tana da manyan dalilai biyu. Na fari, kuɗin da mutane da gwamnati suke kashewa ya fi kayan da ke akwai, kamar a 1975. Na biyu, kuɗin samar da kayan ne ya ƙaru: man fetur, taki, dako, ko kuwa fari da rashin tsaro sun hana noma. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta yanke darajar naira. Kuɗin dako da na kayan waje ya tashi, ya ja sauran kaya. A watan Disamba na 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Adadin ya yi kusa da na 1975, amma hanyar da aka bi aka kai gare shi dabam ce. Mafi tsanani da aka gani a shekara guda shi ne na 1995, wajen kashi 73 cikin ɗari.

A nan ɗalibi zai koyi bambanci tsakanin kuɗi a takarda da kuɗi a kasuwa. A ce abin da mutum yake samu ya tashi daga ₦100 zuwa ₦120, kwando kuwa ya tashi daga ₦100 zuwa ₦134. A takarda ya sami ƙarin ₦20. A kasuwa kuwa sai ya ciko ₦14 kafin ya sayi abin da ya saya bara. Haka kuma wanda ya binne ₦100 a tukunya shekara guda, a irin wannan hauhawa, zai tono abin da ƙarfinsa bai wuce na ₦75 ba. Hauhawa tana cutar mai ajiya, da ɗan fansho, da wanda ya ba da bashi, da wanda zai ɗauki adashi a ƙarshe. Wanda ya ci bashi kuwa takan sauƙaƙa masa, gama da kuɗi mai rauni zai biya.

5. DARAJAR NAIRA DA NOMA

Ƙasa tana sayar da kaya waje, tana kuma sayowa. Abin da ta sayar shi yake kawo mata kuɗin waje, musamman dalar Amurka, da shi kuma take biyan abin da ta sayo. Yawan nairar da za a bayar a karɓi dala ɗaya shi ake kira farashin canji.

A farkon shekarun 1960 noma ne yake kawo wa Nijeriya mafi yawan kuɗin waje: gyaɗa da auduga daga Arewa, koko daga Yamma, manja da ƙwara daga Gabas. Dalar gyaɗa ta Kano ta shahara a duniya. Kafin ƙarshen shekarun 1970 man fetur ya kama fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga waje. Da kuɗin waje ya yi yawa, naira ta yi ƙarfi, har a 1980 dala ɗaya ba ta wuce wajen kwabo 55 ba.

Wani zai ce ai wannan abin alfahari ne. Amma ku duba ta wajen manomi. Idan naira ta yi ƙarfi ƙwarai, shinkafa da alkamar waje sukan yi araha, su danne na gida. Amfanin gonar da aka kai waje kuma, idan an canja kuɗinsa, naira kaɗan yake kawowa. Samari suka ga leburanci a wurin gine-gine ya fi fartanya biya, suka bar ƙauye. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Alhaji Shehu Shagari ita ma ta kawo nata shirin bunƙasa noma a 1980, amma shigo da abinci bai tsaya ba.

Da farashin mai ya fara faɗuwa, sai lissafi ya juya. A 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki wanda ake kira SAP, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ta fara gwanjon kuɗin waje, dala ta koma wajen ₦4. A farkon 2023 farashin gwamnati yana wajen ₦460, a 2024 kuwa ya wuce ₦1,500. Idan naira ta faɗi, mai noman riɗi ko citta domin waje yakan sami naira da yawa, amma taki, maganin feshi da injin ban ruwa su ma sukan yi tsada. Darasin shi ne, ƙasar da ta jingina ga kaya guda ɗaya, farashin kayan nan ne zai riƙa juya ta.

6. RASHIN AIKIN YI

A wurin masana, marar aiki shi ne wanda ya isa aiki, yana da lafiya, yana nema, amma bai samu ba. Yaro, ɗalibi da tsoho ba su cikin lissafi. A karkara kuwa ba a cika samun wanda ba ya yin kome ba. Abin da ya fi yawa shi ne ƙarancin aiki: mutum ya yi wata biyar yana noma, sauran watanni ya tafi cin rani, ko ya zauna.

Saboda haka idan kun ga adadi, ku tambayi yadda aka ƙirga. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A wancan lissafi wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A 2023 ta koma bin hanyar da yawancin ƙasashe suke bi, inda aikin awa ɗaya a mako ya isa a ce mutum yana da aiki, sai adadin farkon shekarar ya zama kashi 4.1. Ma'auni ne ya canja, kamar yadda mudu yake bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

7. LINZAMI BIYU

Hukuma tana da linzami biyu na sarrafa tattalin arziki. Na fari shi ne kasafin kuɗi, watau abin da gwamnati za ta tara ta haraji da man fetur, da abin da za ta kashe. Idan kashewa ta fi samu, an sami giɓi, sai a ci bashi. Bashin da aka yi hanya, madatsar ruwa ko wutar lantarki da shi yana ƙara kayan da ƙasa za ta samar. Wanda aka cinye kuwa kuɗi kawai yake ƙarawa a kasuwa, ya bar wa 'ya'ya biya.

Na biyu yana hannun Babban Banki. Idan hauhawa ta yi yawa, yakan ƙara kuɗin ruwa domin rance ya yi wuya, kashe kuɗi ya ragu. Daga kashi 11.5 cikin ɗari a farkon 2022, ya yi ta ƙarawa har zuwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Maganin yana da ɗaci, gama mai son rance domin noman rani ko injin niƙa shi ma abin yakan shafe shi. Ƙarancin kuɗi ma cuta ne: a farkon 2023, lokacin canjin takardun ₦200, ₦500 da ₦1,000, kaya suna nan a kasuwannin ƙauye amma ciniki ya tsaya domin ba tsabar kuɗi. Abin da ake nema shi ne kuɗi ya yi tafiya daidai da kaya.

8. ME ZA MU YI DA WANNAN ILIMI?

Manomi ba shi ne yake yanke kuɗin ruwa ba, amma yana iya kāre gidansa. Da fari, ya riƙa lissafi da kaya: buhun masara nawa ne yake sayen buhun taki ɗaya bana, nawa ne bara? Wannan zai nuna masa ko ya ci gaba ko ya koma baya, kome yawan nairar da ya ƙirga. Na biyu, kada ya sayar da dukan hatsinsa da kaka sa'an nan ya dawo saye da damina. Rumbu mai kyau ko bankin hatsi na ƙungiya ya fi tsabar kuɗi riƙe daraja a lokacin hauhawa, muddin an tsare shi daga ƙwari da laima. Na uku, ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi taki da iri da wuri, a sari. Na huɗu, a nemi aikin rani: lambu, kiwo, saƙa, sarrafa amfanin gona. Kowane ɗayan waɗannan yana ƙara kayan da ƙasa take samarwa, shi ne kuwa maganin tsada mai ɗorewa.

Ku ɗalibai kuma, duk sa'ad da kuka ji an yi ƙarin albashi, ko an karanta kasafin kuɗi mai yawan tiriliyan, ku yi tambayar da shekarar 1975 ta bar mana: ina kayan da wannan kuɗi zai saya?

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Manomi ya sayar da auduga ₦5,000, masaƙi ya sayar da zane ₦9,000, maɗinki ya sayar da riga ₦15,000. Nawa za a shigar cikin jimlar abin da ƙasa ta samar? Nawa kowannensu ya ƙara?

2. Mene ne bambanci tsakanin tsadar hatsi da damina da hauhawar farashi?

3. Ku tambayi wani dattijo a garinku abin da ya tuna game da shekarar Udoji. Su wa suka amfana, su wa suka sha wuya?

4. Ku zaɓi kaya 10 da gidanku yake saya kullum. Ku rubuta farashinsu a ranar kasuwa ta fari ta kowane wata har shekara ta zagayo, sa'an nan ku fitar da hauhawar farashi ta garinku.

5. Wace sana'ar rani ƙungiyarku za ta iya farawa bana da abin da ke hannunta?